Sawun Auta a Kan Fiffike

"Ki ajiye tsumman nan!"

Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ga ta zabura. Katakon da na shigo da shi don ɗaga kan gado yana kafaɗata, warin tina, ruwan narkar da fenti, ya cika ɗakin har yana yaji a ido. Babbar 'yar Sajan ce zaune a gaban teburin ubanta, ta naɗe hannun riga, ga roba da ruwan kumfa, ga tulin audugar da ta yi baƙi ƙirin. A hannunta na hagu kuwa ƙaramin jirgin nan ne na roba mai ruwan toka.

"Kawu, lafiya? Ka tsorata ni."

"Me kike yi?"

"Shara. Likita ya ce kada a mayar da Baba ɗaki mai ƙura, huhunsa ba zai ɗauka ba. Dubi dattin da na fitar. Wannan ma ruwa ya ƙi cin nasa, sai da na samo waccan kwalbar."

Na jingine katakon na dubi kantar da ni na kafa masa a bango. Jiragen yaƙi ne na roba, babu wanda ya fi damtsen hannu tsawo, a jere kamar kullum. Amma duk suna sheƙi kamar kayan wasan da aka kwance daga leda yanzu.

Na ce, "Ba datti kika goge ba. Aikin kika goge."

Sajan maƙwabcina ne. Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da shagon da nake aikin kafinta. Makaniken jiragen yaƙi ne har ya yi ritaya, kuma da ya dawo gida sai ya koma harhaɗa ƙananansu. Na sha gaya masa a fuska cewa mai furfura bai kamata ya ƙare kwanakinsa yana manna roba ba, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba. Amma ni mai sana'a ne, in na ga aiki ina gane shi. Sassan suna zuwa a kwali, ya yanko su da reza, ya goga da sanfefa, ya ɗiga gam da tsinke, ya fesa fenti. Kowa zai ce an gama. Shi kuwa a nan yake farawa. Sai ya kankare alli mai launi ya zama gari, ya kwaso kunkunniyar kyandir a cokali, ya ɗauki burushin da gashinsa bai kai gashin ido ba. Ya zana hayaƙi a bayan injin, ya zana inda baƙin mai ya zubo a ƙarƙashin ciki, ya bi gefen ƙofofi da fensir don a ga ƙarfen da fenti ya ɓare. Tsufar da jirgi, haka yake kiran abin.

"Kafinta," yakan ce min, "jirgin da babu datti a jikinsa bai taɓa tashi ba. Ƙarya ce aka ɗora a kanta."

Na nuna mata gindin fiffiken hagu, inda yanzu fenti ya yi fes.

"Nan me kika tarar?"

"Wasu ɗige-ɗige ne. Kamar kashin ƙuda."

"Sawun takalmin Auta ne."

Tsumman ya faɗi a cinyarta.

Auta ƙaninta ne, shi kaɗai ne namiji a gidan. Matuƙin jirgin yaƙi ne, ya faɗo a wani atisaye shekarun baya, ba a ko buɗe akwatin gawarsa ba. Sajan ya taɓa kai masa ziyara wurin aiki, ya tsaya ya kalle shi yana taka fiffike yana shiga kujerar jirginsa, kuma ganin ƙarshe ke nan. Wannan mai ruwan tokar shi ne jirgin, yadda yake a ranar, da kowane tabo da idon makanike ya riƙe. Sajan ya daɗe a kansa fiye da duk sauran. Ita ba ta san wannan ba, domin a ranar gaisuwar Auta ta dubi ubanta a gaban mutane ta ce, "Kai ka tura shi." Tun daga lokacin in ta zo gida daga bakin ƙofa take gaishe shi. Ba ta taɓa taka ɗakin jiragen ba sai yau. Shi ma da yake kiranta Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata, ya daina. Ya koma ce mata "ke".

Wayarta ta yi ƙara a kan gado. Ta ɗauka. Na ji muryar Inna, matar Sajan, tana cewa sun baro asibiti, a shimfiɗa zanen gado.

Ta ajiye wayar. "Kawu, ka rufa min asiri. Ka kai shi shagonka. Ka ce ka ɗauka za ka yi masa akwatin gilashi."

"Ban yi wa ubanki ƙarya yana da ƙafafunsa ba, ba zan fara yau da aka sallamo shi ya zo ya mutu a ɗakinsa ba."

"To ka mayar da abin. Ai ka ga yadda yake yi."

Na ɗaga mata hannuwana. Duk sun yi kanta, babban yatsana ya sha guduma har ya baje. "Da waɗannan? Ko ƙofar jirgin ba zan iya riƙewa ba."

"To me zan ce masa?"

"Abin da kika yi."

"Kai dai ba ka da tausayi, Kawu."

"An sha faɗa. Buɗe tagar nan warin ya fita, shi ne zai fara kashe shi."

Muna cikin kwashe audugar muka ji hon ɗin mota a ƙofar gida.

Ni da direban muka ɗauko shi a kan kujera. Mutumin da ke ɗaga min buhun siminti da hannu ɗaya ya koma kamar damin kara. Inna na biye da tukunyar iska, siririyar roba ta taso daga jikinta ta shiga hancinsa. Muka kwantar da shi, na cusa katakon a ƙarƙashin katifa don kansa ya ɗaga. Ya ja numfashi, ya tsaya, ya sake ja.

"Wa ya buɗe min tina?"

Idonsa ya kai ga kantar bango. Ya bi jiragen ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai duba sahun sojoji. Da ya zo gurbin da babu komai ya tsaya.

"Ina na Auta?"

Tana tsaye a bakin ƙofa, hannayenta a baya. Ta dube ni. Ban kawar da kai ba, ban kuma taimake ta ba. Ta tako ta ɗora masa jirgin a kan ƙirji.

"Baba, ni ce. Na ɗauka ƙura ce. Wallahi ban sani ba."

Ya ɗaga shi kusa da ido. Ya juya cikinsa, ya juya bayansa, ya tsaya a gindin fiffiken hagu. Ya daɗe a nan. Babu abin da ake ji sai hucin tukunyar iska.

"Ba ki sani ba," ya ce.

"Ban sani ba, Baba."

"Kin daɗe kina so ki goge shi daga gidan nan. Yau kin samu."

Inna ta ce, "Haba Malam! Ni na ce ta share, ni za ka kama."

"Ke, fita."

Ba da Inna yake ba, kuma duk mun sani. Ya miƙa min jirgin ba tare da ya dube ni ba, ya juya fuskarsa bango. Na mayar da jirgin gurbinsa.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar an ja igiya an ɗaure. In ta kawo ruwa ya rufe baki. In Inna ta karɓi kofin ta miƙa, ya sha. In ta yi sallama ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Ƙafafunsa suka kumbura, leɓensa ya fara komawa shuɗi-shuɗi. Malamin jinyar da ke zuwa duba shi ya ja ni waje ya ce duk wanda ke da magana da shi ya yi ta yanzu. Ni kuwa ina shago ina jin komai ta bango, har na fere ƙafar kujera ɗaya ta fi 'yar'uwarta gajarta.

Wata safiya na ga jakarta a bakin zaure. Tana tsugune tana ɗaure takalmi.

"Ina zuwa?"

"Gida. Zamana ƙara masa ciwo yake. In na tafi ƙila ya ci abinci."

"In kika tafi yau, dawowarki gaisuwa ce. Zauna nan."

"Kawu, ya tsane ni."

"Na ce ki zauna."

Na shiga ɗakin ban jira an amsa sallama ba. Ashe ya sa Inna ta ɗora masa faranti a cinya, ga jirgin, ga garin alli a murfin kwalba. Yana riƙe da burushin da hannu biyu. Bakin burushin yana rawa kamar jelar ƙadangare. Ya kai shi kusa da fiffike, hannun ya fizge, baƙin gari ya ja dogon layi har kan wutsiya. Ya sake gwadawa, burushin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado.

Na ɗauko masa, amma ban ba shi ba.

"Sajan, hannunka ya tafi."

"Ba ni abina."

"Ya tafi, kuma kai ma kana bayansa. Ba a gaya maka ba ne don ana jin tsoronka. Ni ba na ji."

"Kafinta, kai da ka ce wasan yara ne, me ya dame ka?"

"Har gobe wasan yara ne. Abin da ya dame ni jakar 'yarka ce a zaure. Ka binne ɗaya, yanzu kana so ka kori ɗayar da ranta saboda roba da garin alli. Da wane baki za ka amsa wannan?"

Ya yunƙura zai tashi, tari ya kama shi. Inna ta shigo da gudu tana cewa in fita, zan ƙarasa mata shi. Ban fita ba. Na riƙe kafaɗarsa har tarin ya lafa. Ya kwanta yana haki, idonsa cike da ruwan da ban sani ba ko na tari ne.

"Ba roba ba ce," ya ce a hankali. "Fuskarsa ta fara ɓace min. Sawun nan ne kaɗai nake gani sosai."

"To hannu ɗaya ya rage a gidan nan da ba ya rawa."

Ya dubi jirgin da ke kan farantin. Sannan ya ce, "In ta ɓata min, kai zan kama."

"Ka kama."

Na leƙa zaure. Tana nan zaune a kan jakar.

Inna ta ƙi da farko, ta ce garin alli ne zai shiga huhunsa. Sai na ja teburin bakin taga, na juya fanka tana hura waje, na ɗaure madubin aski a jikin kujera yadda zai ga hannun 'yarsa daga kwance. Ta zauna a kujerarsa kamar wadda aka kawo gaban alƙali.

"Goge ɓarnar da na yi tukuna. Da busasshiyar auduga. Kada ki ƙara taɓa min kwalbar nan."

"To, Baba."

"Ɗauki baƙi. Kaɗan! Hayaƙi ne, ba kwalli za ki zizara masa ba. Karkaɗe a bayan hannunki. Yanzu ja daga bakin injin zuwa baya. Baya na ce! Kin taɓa ganin hayaƙi ya yi gaba?"

"Ban taɓa tsayawa bayan jirgi ba."

"Shi ya sa. Sake."

Ta goge ta sake. Ya ce ya yi kauri. Ta sake, ya ce ya karkace. Na ga muƙamuƙinta ya ɗaure irin na ubanta, na ce yanzu za ta jefar da burushin. Ba ta jefar ba. A ja na gaba bai ce komai ba, kuma duk wanda ya san Sajan ya san wannan yabo ne.

Haka suka yi ta yi, da safe kaɗan, da la'asar kaɗan, gwargwadon numfashinsa. Ya gaya mata me ya sa mai ke zubowa ta nan ba ta can ba, da wace ƙofa makanikai suka fi buɗewa har fentinta ya cinye. Wata rana ta miƙa masa kofi da hannun da ya yi baƙi, ya karɓa ya sha. Amma jakar tana nan a zaure, ba ta kwance ta ba, shi ma bai daina ce mata "ke" ba. Fiffiken hagu suka bari. Kullum sai ya ce gobe, kuma kullum maganarsa tana ƙara guntulewa.

Ranar da na shiga na ji numfashinsa yana ƙara kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako, na ce, "Sajan, babu gobe. Yau."

Inna ta harare ni. Shi kuwa ya ɗaga yatsa alamar a kawo.

"Ruwan ƙasa... da ɗan toka. Fere tsinke. Daga gefen fiffike... zuwa kujera. A miƙe."

Ta tsoma bakin tsinken a gari, ta ɗiga na farko. Ta tsaya.

"Ci gaba."

"Ba haka yake takawa ba."

"Me?"

"Auta ba ya taka ƙafarsa a miƙe. Ta hagu waje take kallo, kuma da gefe yake takawa. Shi ya sa duk takalmansa ta gefe ɗaya suke cinyewa."

"Ni na gan shi... da idona."

"Sau ɗaya ka gan shi a kan jirgi, Baba. Ni kuwa kullum sai na wanke simintin tsakar gida ya shigo da taɓo ya taka min. Na san sawun nan fiye da tafin hannuna. Har dundu na sha yi masa a kai."

Na dubi Sajan ina jiran tsawa. Ya rufe ido, ƙirjinsa yana hawa yana sauka da ƙyar. Inna ta kama gefen gado.

Sai ga wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa. Na ɗauka shaƙewa ce, har na miƙe. Ashe dariya ce.

"Kamar agwagwa," ya ce. "Na hana shi... har na gaji. A faretin soja ma... haka ya yi." Ya buɗe ido. "Ashe ni... a miƙe na zana. Na gyara masa... ƙafa."

"Ka gyara masa, Baba."

"To yi naki. Yi shi... yadda yake, Uwata."

Ba ta juyo ba. Na ga kafaɗunta sun girgiza sau ɗaya, ta share ido da gwiwar hannu don kada hawaye ya ɗiga a kan fenti. Ta goge ɗigon farko, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa fiffiken. Ta ɗiga na dama a miƙe. Ta karkata tsinken, ta ɗiga na hagu yana kallon waje, gefe ɗaya ya fi duhu.

"Haka?"

"Haka," ya ce, idonsa a madubi.

Ta ci gaba. Ni ina kallonsa. Numfashin ya fara tsayawa yana dawowa, kowace tsayawa ta fi ta baya tsawo. Na matsa kusa da kunnensa na karanta masa kalmar shahada a hankali. Leɓensa ya bi ni. Inna ta toshe bakinta da mayafi, ta kasa kiran 'yarta, ni ma ban kira ta ba, domin idonsa bai bar madubin ba.

"Baba, wannan ya yi kusa da na baya ko?" ta ce. "Ai takunsa ya fi haka faɗi."

Fanka tana ta hurawa. Tukunyar iska tana ta huci ita kaɗai.

"Baba?"

Na sa hannu na rufe masa ido. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai a lokacin ta juyo, tsinken yana hannunta.

Bayan an share makoki na yi akwatin gilashin. Ba wanda ya roƙe ni. Na kai shi da hantsi, na tarar da ita tana ninke zanen gado, jakarta a buɗe a ƙasa, kayanta a cikin kabad ɗin Inna. Jiragen kan kanta suna nan da sheƙinsu, ba ta ƙara taɓa su ba.

"Ba za ki ƙarasa ba kafin in rufe?" na ce.

"A'a, Kawu. Iya nan ya gani."

Na ɗora jirgin a kan katakon, na saukar da gilashin, na ɗaure kusoshi. Ta ɗauka da hannu biyu ta ajiye a bakin taga. Har yanzu akwai baƙin gari a ƙarƙashin farcenta. Rana ta sauka a kan fiffiken hagu, inda 'yan sawu suka taso daga gefe, ɗaya a miƙe, ɗaya yana kallon waje, suka tsaya kafin su kai kujera.